Rabin Saiwar Tauraruwar Dutse

Da sunan Wanda Ya kafa duwatsu ba da turke ba, Ya rataye gajimare ba da igiya ba, Ya ɓoye rai a inda idon bawa ba ya zato. Bayan haka, ya ku matafiya da kuka sauke kaya a bakin wannan kogo, ku matso kusa da wuta, ku jiƙa maƙoshi da abin da ya samu. Kun tambaye ni abin da ya kawo mutumin ƙasar zafi kan wannan tsauni, har furfura ta riske shi yana gadin wasu 'yan furanni. To, ku ba ni aron kunnuwanku.

Sunana Korau ɗan Mantau, masaƙi ne ni, haifaffen Birnin Sansami, can ƙasa inda rana ba ta san wasa ba. Mutanenmu manoman gero ne kaka da kakanni. Abin da muka sani game da tsiro ɗaya ne tak: a shuka, ya fito, ya yi zangarniya, ya bushe, a tuge karan a yi darni ko a cusa a murhu. Abin da ya bushe a wurinmu ya gama yayinsa, ko jaririn goye ya san haka.

Wata shekara, gab da faɗuwar damina, mutanen Tsaunin Gajimare suka sauko kasuwarmu da gashin tumaki. Cikinsu akwai wata budurwa mai suna Zilai, wadda ta tsaya a gaban masaƙata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce zarena ya yi sako-sako, a garinsu da irin wannan saƙa ko akuya ba a lulluɓewa. Na fusata, na bi ta rumfarsu don in rama. Ban rama ba har yau. Kafin ayarinsu ya juya an ɗaura mana aure, kawunta ne ya ba da ita, ita kuwa tana bayan labule tana dariyar yadda muryata ke rawa. Ba ta taɓa kiran sunana ba, Masaƙi take ce mini, da wata irin murya da ke mayar da sana'ar tamkar sarauta.

Ba ta zo da wani kayan ɗaki na a zo a gani ba, sai wani ɗan kasko da tsiro a ciki. Tsayinsa bai wuce taƙi ba, ganyensa sirara masu ɗan gashi-gashi. Ta ajiye shi a inuwa bayan randa, inda ƙasa ke da sanyi. Da ya yi fure sai na ga abin da ban taɓa gani ba: 'yan siraran kunnuwa shuɗaye masu ratsin ja-ja sun yi da'ira, tsakiyarsu rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Ta ce sunan wannan fure tauraruwar dutse. A garinsu duk 'yar da aka haifa, daga saiwar uwarta ake ɓaro mata tata, saboda haka wannan da nake gani ta fito daga ta kakar kakarta. Na saƙa mata zane shuɗi mai ɗigon rawaya don ya dace da furen, na matse zaren iyakar ƙarfina. Ta duba, ta ja, ta ce yanzu kam akuya za ta iya karɓa.

Ba mu cika shekara ba manzo ya zo da labarin mahaifiyarta ba ta da lafiya. Na ce mu tafi tare, ta ce al'adarsu ba ta yarda ba. Mijin da ya auri 'yar tsauni, zuwansa na fari shi kaɗai yake yi, a bayanta, ɗauke da rabin saiwarta. Idan ya kai ta bakin gadar garinsu da ranta, an karɓe shi suruki, ya shiga ya fita yadda ya so. Idan ya zo hannu rabbana, ba zai taka gadar ba, kuma ba za a sake ba shi 'yarsu ba. Ta zare wuƙa ta raba saiwar biyu a gabana, ta ƙulle rabi a bakin zanen nan da na saƙa mata, ta mayar da rabi cikin kasko.

Ta ce, "Masaƙi, ka kawo min ita kafin a ɗage gada. Da zarar dusar ƙanƙara ta fara sauka ake ɗagewa, ba a mayarwa sai ta narke."

Na tambaye ta mece ce dusar ƙanƙara. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce zan gani. Ta koya mini yawan ruwan da zan riƙa zubawa, ta hana ni kai kaskon rana, ta gaya mini komai, sai abu ɗaya da ba ta ga dalilin faɗa ba.

Na bar mata tazara kamar yadda al'ada ta ce, sannan na goya kaskon a ƙirji na kama hanya. Na ratsa ƙasashen da na sani, na shiga waɗanda ban sani ba, har na iso Birnin Ƙishi, wanda ke tsakiyar wani fako da ba ko ciyawa. Rijiya ɗaya ce a garin, ruwanta kuwa ba ya fitowa sai an kira shi da waƙa. Dokarsu ita ce ba a ba abin da ba ya numfashi ruwa, wanda ya karya kuwa a ɗaure shi a rana ya yini. Dogarai suka ga kaskona suka kafa mini ido, duk inda na juya suna biye.

Ganye ya fara lanƙwasa, hankalina ya tashi. Da azahar ta yi na karɓi rabona na ruwa a ƙoƙo, na ajiye kaskon tsakanin ƙafafuna, na tsuguna na fara alwala. Na wanke hannu a kansa, na wanke fuska a kansa, ban taɓa yin alwala mai tsanaki irin ta ranar ba. Dogarai suka yi ram da ni sai gaban mai garin. Na ce ranka ya daɗe, ni ban shayar da kowa ba, fuskata na wanke don in gai da Ubangijina, inda ruwan ya ga dama ya faɗa kuma ba ni na aike shi ba. Mai gari ya juya wajen malamansa, suka yi ta kai-kawo, ba wanda ya yarda a ce shi ya hana bawan Allah alwala. A ƙarshe ya ce a sake ni, amma in bar masa gari tun kafin mutanensa su koyi irin wannan ibada. Na fito ina dariya ni kaɗai, ina tanadin yadda zan ba Zilai labarin.

Daga nan hanya ta gangara da ni Kwarin Awaki. An gargaɗe ni, na ɗauka ƙari ne irin na 'yan kasuwa, ashe ragi suka yi. Awakin kwarin kowace ta kai raƙumi, kuma ba abin da idonsu ke gani sai kore. Sun cinye kwarin ƙarƙaf har gansakukan kan duwatsu. Ina tsallaka wani rafi iska ta yaye ƙyallen da na rufe kaskon, wani bunsuru mai gemu har ƙasa ya ɗago kai. Kafin in ce wani abu garke duka ya taso, ƙasa na girgiza.

Ina da wata tsohuwar hula koriya, saƙar mahaifina. Na cire ta na kifa a kan ƙoƙon shan ruwana, na sake shi a rafi, na faɗa bayan wani dutse na kwanta rub da ciki a kan kaskon. Ƙoƙo ya bi ruwa yana rawa da hularsa, awaki suka bi shi suna ture juna har kukansu ya ɓace a gangare. Na yi asarar hula da ƙoƙo, amma ko ganye ɗaya bai ragu ba. Ranar na ce a raina ba sauran abin da zai raba ni da wannan tsiro.

Sai na fara hawa. Kwana da kwanaki ina hawa, iska na ƙara kaifi, numfashina na fita kamar hayaƙi. A nan ne, inda ba dogari ba akuya, ganyen ya fara rawaya. Na ce sanyi ne ke cutar da shi, don ni ma yana cutar da ni. Na tuɓe rigata ta ciki na naɗe kaskon. Na hura wuta na kai shi kusa, na ɗumama ruwa na zuba masa, na riƙa hura masa iskar bakina. Duk abin da na yi sai ya ƙara lalacewa. Daga rawaya ya koma ruwan ƙasa, ganyen ya zube ɗaya bayan ɗaya, har wata safiya a wannan kogo da kuke zaune na taɓa karan ya karye a hannuna, ƙayau.

Na zauna na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifina. Na san kara idan ya bushe, ni ɗan manoman gero ne. Raina bai ba ni in watsar da saiwar kamar shara ba, tunda daga kakar kakar Zilai ta fito. Na zazzage kaskon, na yagi farin ƙyalle na naɗe saiwar, na tona ɗan rami a bakin kogon iyakar yadda dutse ya bari, na rufe ta, na ɗora tsakuwa a kai. Sannan na ci gaba da hawa hannu rabbana, don in gaya wa matata da bakina, ko ba komai in ga fuskarta.

Garinsu yana hayin wani rami mai zurfin da in ka jefa dutse ba ka jin faɗuwarsa. Gadar igiya ce da katako, a bakinta ta wancan hayi wata tsohuwa na zaune da sanda, Inna Yalwa, yayar mahaifiyar Zilai, ita ke da ikon gadar. Amma ba ita na fara gani ba. Bayanta, gangaren dutsen duka an yi masa hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa cike da 'yan kunyoyi, kowace kunya kuwa busassun karare ne ruwan ƙasa, irin wanda ya karye a hannuna. Na ce inna lillahi, annoba ta faɗa wa mutanen nan.

Na yi sallama, na durƙusa, na yi mata jaje. Ta ce jajen me? Na nuna gangaren. Tsohuwar ta dube ni ta dubi gangaren, ta tambaye ni ina saiwar 'yarsu. Na gaya mata komai, ban rage ba. Na zaci za ta zage ni. Sai ta dafe kai, ta aika a kira Zilai.

Ta zo da gudu, zanen nan shuɗi a jikinta. Ta rame, don ta yi jinya, amma mahaifiyar ta samu sauƙi. Ta tsaya a wancan bakin ina wannan, iska na kwashe rabin maganarmu. Da ta ji abin da ya faru sai ta yi wani abu tsakanin dariya da kuka.

Ta ce, "Masaƙi, ba mutuwa ta yi ba, barci take. Kowace shekara haka take yi. Samanta ya bushe, ƙasanta na nan da rai, in ƙanƙara ta narke ta farka."

Na ce, "Don me ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Wa ke gaya wa mutum cewa gari zai waye?"

Na roƙi Inna Yalwa ta bar ni in tsallaka, tunda saiwar na nan da rai. Ta ce ɗan nan, ba ƙin ka nake ba, amma gadar ba ta san labari ba, saiwa ta sani, haka aka yi wa mijinta, haka aka yi wa mijin uwarta. Ta dubi sama, inda gajimare ya yi nauyi ya yi fari-fari, ta ce in ina da ƙafa in yi amfani da ita yanzu. In kuwa dusa ta riga ni, in zauna a kogon, makiyayansu na barin itace da hatsi a ciki saboda wanda hanya ta rufe wa. Ta cillo mini buzun tunkiya da ƙunshin cuku. Na juya da gudu, ina jin Zilai na kwaɗa mini wata magana a baya, iska ta hana ni ji. Na ɗaga mata hannu kawai, don na ɗauka sai-ka-dawo take yi mini.

Ina isowa kogon dusa ta fara sauka. Na ga dusar ƙanƙara da idona, fara sol kamar an zazzage rumbun auduga daga sama, ba ƙara ba tsawa. Na faɗa kan ɗan kabarin nan da hannu da wuƙa, ashe ƙasar ta riga ta daskare ta koma dutse. Wuƙata ta karye, farcena ya fashe, ban kai ga ƙyallen ba. Niyyata in tono saiwar in shigar da ita ciki kusa da wuta, ta yi barcinta cikin ɗumi. Da abin ya gagara na bar ta a waje cikin sanyi, ina jin kamar na bar jariri a bakin ƙofa.

Washegari da hantsi iska ta haukace, ba ka ganin tafin hannunka. Ina zaune sai na ji kamar an ce Masaƙi, can nesa. Na fita na yi ta kira har muryata ta dushe, na yi rarrafe iyakar inda zan iya, iska ta maido ni tana neman jefa ni rami. Ba wanda ya amsa. Na ce kewa ce ke yi mini wasa da kunne, don tun da na bar gida nake jin muryarta a cikin kowace iska.

Haka na ci sanyin nan ni kaɗai. Na warware bakin rigata na sake saƙawa, na kuma warwarewa, don kada hankalina ya gudu. Na tanadi labarin alwala, na tanadi na bunsuru, na gyara su na ƙara musu gishiri. Kullum nakan tsaya a bakin kogon in gai da tudun dusar da ke kan saiwar, in tambaye ta ko ta tashi lafiya.

Ranar da ruwa ya fara ɗiga daga bakin kogon, na ga ƙasa ta bayyana baƙa. Ba a daɗe ba, tsakanin tsakuwar da na jera, wasu 'yan kunnuwa kore suka leƙo, sun huda farin ƙyallen sun fito. Na yi sujada a cikin taɓo. Na tono saiwar a hankali da ƙasarta, na mayar cikin kasko, na goya, na kama hawa ina waƙa kamar yaro. Ban yi nisa ba, a wata 'yar kwana inda hanya ta raɓi wani dutse, na hangi irin wannan kore a can ƙasan gefen hanya, cikin sauran dusa. Na ce ashe har a nan take fitowa da kanta, na wuce abina, sauri nake.

An mayar da gada. Inna Yalwa na zaune inda na bar ta. Na ɗaga kaskon sama da hannu biyu tun daga nesa, ta miƙe tsaye tana murmushi, ta ce in tsallako, suruki. Na taka gadar nan, na durƙusa a gabanta na ajiye kaskon. Ba kaskon take kallo ba, bayana take leƙawa.

Ta ce, "Ina Zilai? Ta tsaya hutawa ne?"

Na ce, "Wace Zilai, Inna? Ai wurinta na zo."

Sandar ta faɗi daga hannunta. A zaune a ƙasa ta ba ni labarin, tana yi tana tsayawa. Ranar da na juya, abin da Zilai ke kwaɗa mini shi ne kada in kai saiwar kusa da wuta, don in ta ji ɗumi a tsakiyar sanyi za ta farka ba lokaci ba, ta mutu mutuwar gaske. Ta ga ban ji ba. Ta ce wa innarta ta san mijinta, duk abin da yake so sai ya lulluɓe shi, zai kashe ta da tausayi. Ta kwana tana roƙo, da safe ta ɗaure rabin saiwarta a bakin zane, ta ce kogon ba nisa, za ta riga iska, in ya so su ci sanyin tare. Ta tsallaka, aka ɗage gada a bayanta. Duk tsawon sanyin suna can suna cewa amarya da ango na kogo suna shan hira.

Ban san yadda na sauko ba. Na dai san mazan garin na biye da ni, kuma ban yi ɓatan hanya ba, kai-tsaye na nufi 'yar kwanar nan. Na gangara gefen dutsen na share sauran dusar da hannuna. Zane shuɗi ne mai ɗigon rawaya. Zaren da na matse iyakar ƙarfina bai saki ba, sai a wuri ɗaya, wajen ƙullin bakin zanen, inda 'yan kunnuwa kore suka huda suka fito. Daga inda take kwance, in ka ɗaga kai, kana hango bakin kogona.

A nan muka yi mata sutura, a nan muka rufe ta. Inna Yalwa ta ce in zo gari in zauna, na cika sharaɗi, ni ɗansu ne. Na gode mata, na ce gadar ta yi mini nisa. Na fasa kaskon na dasa rabina kusa da nata. Kafin shekara ta zagayo sun haɗe, yau ko ni ba zan iya nuna muku inda nata ya ƙare nawa ya fara ba.

Shi ke nan abin da ya zaunar da ni. Labarin alwala da na bunsuru, waɗanda na tanadar wa Zilai, ku matafiya nake ba, kuna kuwa yin dariya, na gode. Idan kun tashi gobe za ku wuce ta wajen kwanar. Yanzu kaka ce, ba abin da za ku gani sai busassun karare ruwan ƙasa. Na ga cikinku akwai 'yan ƙasarmu, na san hannunku da son tuge abin da ya bushe don hura wuta. Ga itace nan, ku ɗiba iyakar buƙatarku, amma waɗancan ku bar su, barci suke yi.

Ni ne dai nake fita duk shekara in ƙanƙara ta narke, in tsuguna a wurin in jira. Furen bai taɓa saɓa alkawari ba, kowace shekara sai ya tashi. Shi kaɗai yake tashi.

A nan ƙafata ta tsaya, a nan hikayata ta tsaya. Wanda ya ji ya yi mata addu'a, sunanta Zilai.